Idan gidan lamba a Excel ya yi ja, ku koma rajista

Ƴan uwa ma'aikatan lafiya na jihar Tawa, sannunku da ƙoƙari. Na san yadda ƙarshen wata yake: mata cike da rumfa, wuta na ɗaukewa, ga rahoto ana jira kafin a shigar a DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya. Amma akwai halin da nake ta gani a wajen zagayen duba aiki, kuma ya ishe ni.

Rajistar rigakafi ta ce abu ɗaya, rahoton wata ya ce wani. Maimakon a bincika, sai mutum ya goge lamba ɗaya ya rubuta ta yi daidai da ɗayar. Haba! Wa kuke ruɗi?

A ce rahoto ya nuna yara 80 sun samu Penta 3, wato zagaye na uku na allurar rigakafin cututtuka biyar, rajista kuwa 62. Yaran nan 18 suna ƙauye ba a yi musu allurar sati 14 ba, takarda kuma ta ce an gama da su, don haka babu mai zuwa nemansu. Allurar nan ita ke tsare su daga mashaƙo da tarin shiƙa, kuma kun ga yadda mashaƙo ya yi mana a Nijar a 2023.

Excel zai nuna muku saɓanin, ba sai kun bi da yatsa ba. Ku sa lambobin rajista a layin B, na rahoto a layin C. Ku zaɓe su tun daga jere na 2, ku shiga Mise en forme conditionnelle, sai Nouvelle règle, ku ɗauki zaɓin formule, ku rubuta =$B2<>$C2, ku ba shi launin ja. Shi ke nan: duk inda lambobin biyu suka saɓa, gidan zai yi ja.

Wani lokaci 45 da 45 za su yi ja. Duba da kyau, galibi ɗaya an shigar da ita a matsayin rubutu, za ka ga ɗan koren tabo a kusurwar gidan. Wannan ka gyara.

Sauran kuwa, don Allah kada ku taɓa lambar don jan ya ɓace. Na ga masu yin haka a gabana, har suna murmushi wai allo ya yi tsaf. A'a. Ɗauko rajistar, buɗe shafin watan, ƙirga suna bayan suna, ka kwatanta da takardar ƙirga ta ranar rigakafi. In ba ka gano ba, bar shi da jansa, ka faɗa wa majo, wato shugaban asibitin, ku rubuta dalili a gefe kafin rahoton ya tafi.