Tantance Sababbin Ƙwayoyin Gadon Garkuwar Jiki

Tantance sababbin ƙwayoyin gadon garkuwar jiki aiki ne da masana ke yi idan suka ci karo da wani jerin DNA da babu shi a kundi, daga cikin ƙwayoyin gadon da ke ƙera antibodi, wato furotin da jiki ke yaƙar cuta da shi, da makarɓan da ƙwayoyin jini na T ke gane cuta da su. Sai an tabbatar cewa daga iyaye mutum ya gaje shi, sannan a miƙa shi ga rumbun ajiya a raɗa masa suna.

Tushe

Jiki ba ya ajiye wa kowane antibodi ƙwayar gado tasa. Guntaye yake ajiyewa, V da D da J, kowace ƙwayar B, wato ƙwayar jinin da ke ƙera antibodi, kuma ta zaɓi ɗaya-ɗaya ta ɗinke. Antibodi yana da manyan sarƙoƙi da ƙanana. Guntayen babbar sarƙa suna kan kuromosom na 14: V masu aiki kusan 40, D sama da 20, J guda 6. Na ƙananan sarƙoƙi suna kan na 2 da na 22. Kowane guntu yana da nau'o'i da suka bambanta daga mutum zuwa mutum, wani lokaci da harafin DNA ɗaya tak.

Tarihi

A 1976 Susumu Tonegawa, yana aiki a Basel ta ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa guntayen nan suna sauya wuri su haɗu yayin da ƙwayar B ke girma. Wannan ne ya kai shi ga kyautar Nobel a 1987. Tun kafin nan, wajajen 1970, Elvin Kabat da Tai Te Wu sun fara tattara jerin antibodi suna kwatantawa, tarin nasu kuma ya daɗe yana zama madogara. A 1989 Marie-Paule Lefranc ta kafa IMGT, kundin waɗannan ƙwayoyin gado, a Montpellier ta Faransa, kuma daga can tsarin sunayen da ake bi yau ya fito. A suna irin IGHV1-2*02, IGH na nufin babbar sarƙa, V guntu ne, 1 dangi, 2 matsayi, *02 kuma nau'i na biyu da aka rubuta.

Yawancin jerin farko an samo su ne a shekarun 1980 da 1990, da na'urorin da ke yawan kuskure, kuma daga mutane ƙalilan, galibi 'yan asalin Turai. A 1998 Fumihiko Matsuda da abokan aikinsa a Japan suka fitar da cikakken jerin yankin V na babbar sarƙa. A 2008 masana a Ostireliya suka bi kundin ɗaya bayan ɗaya, suka nuna cewa nau'o'i da dama da ke ciki kuskuren karatu ne kawai. Wannan bincike ya cancanci a riƙa tunawa da shi, domin kundin da ya ƙunshi abin da babu ya fi wanda ke da giɓi ɓatar da mai bincike.

Ganowa

Wahalar ita ce ƙwayar B kan sauya haruffan nata da kanta bayan ta haɗu da cuta, don antibodin ya ƙara kamu. Idan aka ga harafin da ya saɓa wa kundi, ko dai gado ne, ko sauyin baya, ko kuskuren na'ura. Hanyar rarrabewa ta yi kama da ta malaman Katsina masu gwada kwafe-kwafen littafin hannu: kalmar da ta bambanta a kwafi ɗaya tuntuɓen alƙalami ce, amma wadda ta maimaitu a kwafin marubuta da yawa da ba su san juna ba, daga asali take. Shi ya sa ake fifita jerin IgM, antibodin da ƙwayar B ke fara yi, na ƙwayoyin da ba su taɓa haɗuwa da cuta ba, a duba ko harafin ya fito tare da guntayen J daban-daban da wuraren ɗinki iri-iri. Manhajojin TIgGER na 2015 da IgDiscover na 2016 wannan lissafi suke yi. Haruffan ƙarshen guntun V su ne mafi wuyar tabbatarwa, domin ana yawan datse su wajen ɗinki.

Miƙawa

Mai bincike yakan ajiye ɗanyen bayanansa a rumbun jama'a irin SRA, ya ajiye jerin a rumbun GenBank ko na ENA, sannan ya miƙa hujjojinsa ta OGRDB, shafin da ake karɓar irin waɗannan jeri. Kwamitin tantance nau'o'i na IARC, wanda AIRR, ƙungiyar masanan wannan fanni, ta kafa wajajen 2017, shi ke dubawa. Jerin da ya tsallake yakan sami suna na wucin gadi kafin a tura shi ga kwamitin sunaye na IUIS, ƙungiyar masana garkuwar jiki ta duniya.

Saɓani

Ba a daidaita ba kan ko hujjar RNA, kwafin da ƙwaya ke yi daga DNA, kaɗai ta isa, ko sai an karanta DNA kai tsaye. Haka nan masana da dama ba su yarda da nau'o'in da aka ciro daga gajerun jerin 1000 Genomes ba, shirin da ya karanta DNA na mutane daga al'ummomi daban-daban.

Afirka da ƙasar Hausa

Bambancin gado ya fi yawa a Afirka fiye da kowace nahiya, amma kundin bai nuna haka ba. Wani bincike na 2015 a Afirka ta Kudu ya gano nau'o'in V masu yawa da IMGT ba ta da su. A shirin 1000 Genomes, Yarabawan Ibadan da 'yan Esan ne suka wakilci Najeriya, babu Hausawa ko Fulani. Wannan giɓi ya shafi lafiya kai tsaye: wasu nau'o'in IGHV1-69 sun fi iya ƙera antibodin da ke kama mura iri-iri, kuma a gwajin rigakafin HIV na IAVI G001 an ga cewa samuwar martanin da ake nema ta dogara da nau'in IGHV1-2 da mutum ya gada.

Mai son yin irin wannan aiki a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina sai ya fara samun izinin kwamitin ɗa'ar bincike, bisa ƙa'idojin NHREC, kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa. Dole kuma a bayyana wa mai ba da jini, da Hausar da yake ji, cewa bayanan gadonsa za su shiga rumbun da duk duniya ke iya buɗewa. Jinin da aka ɗiba a Daura ko Mashi yana buƙatar sanyi mara yankewa, domin RNA na saurin lalacewa, kuma fitar da shi ƙasar waje sai da rubutacciyar yarjejeniya.