Kankana a kan kankana: ku bar wa gonar nan haka

Tun da aka shiga noman rani, daga lambunan bakin kogin Binuwai a Garwa ta Kamaru har zuwa na ƙasan madatsar Lagdo, kiran da ake yi mini, ni malamin gona, iri ɗaya ne: "Malam, zo ka ga kankanata." In na je sai in tarar yaɗo ya rufe ƙasa, har ya fara ɗaura 'ya'ya, amma da rana ta take sai ganye ya yi yaushi. Da yamma ya ɗan farfaɗo. Mai gona ya ce ƙishirwa ce, ya tada inji ya ƙara ruwa. Ba a rufa mako ba reshe ɗaya ya bushe, sauran su bi shi.

Nakan zaro wuƙa in tsaga karan daga gindi. Cikinsa ya rine, ya yi ƙasa-ƙasa. Fusariyum ke nan, wata funfuna da ke kwance cikin ƙasa, ta saiwa take shiga ta toshe hanyar ruwa. Sai in yi tambaya: bara me aka shuka a nan? Kankana. Bara waccan fa? Kankana. Wani dattijo har da alfahari ya ce mini tun zamanin mahaifinsa nan ne wurin kankana. Na ce, Baba, Allah ya ja da ranka, ai ita ma cutar gadonta ka ci.

'Yan'uwa, na san dalilinku. Wurin yana kusa da ruwa, mota na isa har bakin gona, kuma kankana na kawo kuɗi cikin wata uku. Ban raina wannan ba. Amma cutar nan tana iya shekara 10 a ƙasa tana jira, ku kuwa duk shekara sai kun kai mata abinci har gida. In ta kama, sai a ruga kasuwa a sayo maganin feshi da kuɗin da ko taki bai samu ba. Ciwo na saiwa, kuna wanke ganye! Shukar da ta riga ta yi yaushin nan, babu feshin da zai tashe ta. Na faɗa a taro, na faɗa a gona, har bakina ya gaji.

Wani kuma ya ce ya ji maganata ya canza, ashe kabewa ya zuba. Kabewa, guna, kokwamba, duma, duk 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma ruɓar gindi da ruɓar saiwa ba sa barin ko ɗaya cikinsu. Canji shi ne masara, dawa, gero ko albasa, shekara 5 zuwa 7 kafin kankana ta dawo. Masu hayar fili, ku tambayi mai wurin abin da aka noma a baya tun kafin ku ba da kafin alƙalami. In ya yi ta kame-kame, ku nemi wani.

Sauran a gurguje. Shukar da ta mutu a tuge ta da saiwarta a ƙone, kada a jefa ta cikin hanyar ruwa, don ruwan zai kai cutar komin maƙwabci. A yi kunya mai tudu, kada ruwa ya kwanta a gindi. A gauraya iri da maganin iri irin su Apron Star, yana rage mutuwar tsiro yana ƙarami, amma ba ya wanke ƙasa. A kankare laka daga fartanya da takalmi kafin a tsallaka wata gona. Takin gida sai wanda ya ruɓe sosai. Mai hali ya jiƙa ƙasa ya rufe ta da farar leda wadda haske ke ratsawa mako 4 zuwa 6 a zafin Maris da Afrilu.

Wanda kankanarsa ta fara yaushi yanzu, ya tugo guda ɗaya da saiwarta ya kawo mini ofis da safe, mu tsaga tare. Ya zo kuma da lissafin abin da ya shuka a wurin shekara biyar da suka wuce, don sai na tambaya.