Waiwaye: Ranar da muka daina kiran magini kafin damina

Duk wanda ya taɓa neman inda zai ajiye mota a kewayen Kantin Kwari ko Singa da rana tsaka ya san abin da ake magana a kai. Ka zagaya Titin Ibrahim Taiwo, ka ɓullo ta Fagge, daga ƙarshe ka bar motar can nesa a hannun yaron da ko sunansa ba ka sani ba. Shi ya sa zancen wurin ajiye motoci ba ya mutuwa a Kano, a rediyo da safe, a Facebook, a majalisa bayan la'asar. Wasu na cewa a gina benaye na musamman don motoci kamar yadda ake yi a manyan birane. Wasu na cewa duk mai filaza ya ware ƙasan benensa don fakin. Wasu kuma, tun da wani bene mai hawa uku da ake kan ginawa ya rufta a Titin Beirut a ƙarshen watan Agustan 2022, tambaya ɗaya suke yi: benayen da ake da su yanzu, wa ke duba lafiyarsu?

Ni ina tare da masu wannan tambaya. Kuma ina ganin amsarta tana can baya, nesa da 2022.

Farkon labarin kowa ya san shi. Birnin da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa wa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15 an yanka lungunansa ne daidai ƙafar mutum da jaki, raƙuma kuwa suna da zangonsu. Layin dogo ya iso a 1911, Sabon Gari da kantunan waje suka tashi, manyan motocin gyaɗa suka biyo baya. Sai tsarin faɗaɗa birni na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda masanin tsara birane Trevallion ya zana. Dokar filaye ta zo a 1978, dokar tsara birane ta ƙasa a 1992, kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006. Duk mai rubutu a kan wannan batu yakan jero waɗannan shekaru, kuma daidai ne. Amma akwai abin da ya faru a tsakani wanda ba a sa shi a kowace takarda ba, domin ba a yi masa biki ba, ba a yanka masa ƙyalle ba.

A gidan kakanninmu a cikin birni, ginin ƙasa ne mai soro da zaure biyu. Ina yaro, duk shekara idan zafin bazara ya yi tsanani, hadari ya fara leƙowa daga gabas, akwai wani dattijon magini da ake aika a kira. Ba don wani abu ya lalace ba. Lokacinsa ne ya yi, kamar yadda lokacin sharar gona yake yi. Zai zo da tsani da ɗan sandansa, ya hau soro ba takalmi, yana takawa a hankali yana sauraron abin da tafin ƙafarsa ke gaya masa. Ya zura hannu cikin indararo ya fitar da ciyawa da kashin tantabara. Ya sauko ya bi gindin katanga yana ƙwanƙwasawa. Inda ya ji sautin ya yi fanko sai ya tsaya ya kankare da farce.

"Hajiya, nan gara ta shiga azara," zai ce wa kakata. "Idan aka bar ta, ba za ta kai Agusta ba."

Ita kuwa ba ta taɓa cewa a bari sai baɗi ba. "To Malam, sai a yi abin da ya dace." A kwaɓa ƙasa, a kawo makuba ta kwasfar ɗorawa, inda ake da hali a yi laso da katsin marina. A cikin kwana uku ko huɗu an gama yaɓe. Haka ake yi a gidan maƙwabta, haka a masallacin unguwa. Ginin ƙasa ba ya ɓoye ciwonsa. Ruwan sama ɗaya ya isa ya nuna maka inda ya zaizaye, kuma kowa a gidan, har yara, ya iya karanta alamar. Don haka duba gini ba aikin wani ofishi ba ne a lokacin. Al'ada ce mai kalanda, mai ma'aikata, har da sarautarta, domin magina suna da sarkinsu.

Siminti ba baƙo ba ne a Kano tun kafin nan. Babban Masallacin Juma'a na cikin birni da aka sake ginawa a farkon shekarun 1950 shaida ne. Amma siminti ya zama na kowa ne a tsakiyar shekarun 1970, lokacin kuɗin mai. Ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata tsakanin 1974 da 1975. A 1975 ɗin aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma a shekarar ce jiragen ruwa ɗaruruwa maƙare da siminti suka yi layi a tashar Legas suna jiran a sauke su. Kafin shekarun su ƙare masana'antar siminti ta Ashaka ta fara aiki. Wato mota da siminti tare suka shigo gidan matsakaicin mutum, kusan a rana ɗaya.

Da me aka tallata mana bulo da dekin? Da kalma ɗaya: hutu. Ka yi na siminti ka huta da yaɓe. Ka zuba dekin ka manta da ɗigar ruwa. Kuma a shekarun farko gaskiya ce. Damina goma ta wuce bango bai motsa ba. Dattijon magini ya daina zuwa, ba don an kore shi ba, don ba a ga abin da zai zo yi ba. 'Ya'yansa suka koma birkiloli, suka koyi ɗora bulo da filasta, amma ba wanda ya koya musu sauraron kankare yadda ubansu ke sauraron ƙasa. Muka karɓi sabon kayan gini, muka ajiye tsohuwar al'adar dubawa, ba mu ɗauki wata a madadinta ba. A ganina nan ne hanya ta rabu, kuma abin da muke gardama a kansa yau jikan wannan rana ne.

Domin kankare ma yana ciwo, sai dai daga ciki yake farawa. Ƙarfin dekin da ginshiƙi yana ga rodin da ke cikinsu. Abin da ke kare rodin daga tsatsa shi ne kankaren da ya lulluɓe shi, wanda sau da yawa kaurinsa bai wuce yatsa biyu ba, da kuma wani sinadari na siminti mai ɗabi'a irin ta kanwa. Iska tana cin wannan kariya sannu a hankali, shekara bayan shekara, kuma hayaƙin mota da na janareta a rufaffen wuri yana ƙara mata sauri. Ranar da danshi ya kai ga rodi, sai ya fara tsatsa. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma ninki biyu har fiye, don haka sai ta riƙa turo kankaren daga ciki har ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwa ya ƙaru, tsatsa ta ƙaru, rodi ya sirance. Duk wannan yana iya ɗaukar shekara 20 ko 30 fenti yana nan fes a waje.

Yanayinmu ma yana da nasa hannu tun ran gini. Kankare yana son a yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda bayan an zuba, kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. A garin da ake sayen ruwa a kura, a zuba dekin cikin iskar hunturu ko zafin Afrilu mai haura digiri 40, sau nawa ake cika wannan mako? Dekin da ya bushe da ƙishirwa yana fitowa da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma ta nan ruwa zai bi bayan shekaru.

To a duk sassan bene, babu inda waɗannan abubuwa ke haɗuwa kamar wurin ajiye motoci. Shi ne a ƙasa, inda ruwan kowa ke gangarowa. Shi ne ba tayil, ba silin, ba mai kwana a ciki balle ya damu. A nan ake wanke mota, a nan janareta yake, ta nan bututun banɗakunan sama ke bi. Kuma ginshiƙan da ke tsaye a wurin, waɗanda motoci ke goga wa jiki kullum, su ne ke ɗauke da duk shagunan da ke sama.

A daminar bara na shiga irin wannan wuri a ƙarƙashin wata filaza da ke kusa da kasuwa. Ina fitowa daga mota ɗigon ruwa ya sauka a wuyana. Na ɗaga kai. A jikin dekin akwai wani farin abu kamar gishiri ya bi layin tsaga, gefensa kuma jan zane na tsatsa ya gangaro har jikin ginshiƙi. Wani wuri mai faɗin faranti ya ɓantare, rodi uku a fili, sun yi baƙi suna ɓarewa kamar ɓawon albasa. A ƙasa an ajiye bokitin fenti yana tarar ruwa. Na kira maigadin, dattijo ne mai fara'a.

"Baba, wannan wurin tun yaushe yake haka?"

"Ai Alhaji ya kwana biyu. Bara ma an shafe shi, ya sake faɗowa a kan motar wani bawan Allah."

"An kawo injiniya ya gani?"

Ya dube ni da mamaki na gaskiya. "Injiniya kuma? Ai siminti ne, Alhaji. Mai filasta zai zo bayan ruwa ya ɗauke."

Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Abin da aka gaya wa iyayenmu ya maimaita mini, kuma na tabbata mai benen ma haka ya yi imani, da zuciya ɗaya. Shafe irin wannan wuri da filasta kamar ɗaure gyambo ne da tsumma mai kyau. Gyaran gaske sai an tokare dekin, an sassaƙe ruɓaɓɓen kankare har bayan rodin, an goge tsatsa, an ƙara ƙarfe inda ya sirance, sannan a toshe inda ruwan ke fitowa. In ba a yi na ƙarshen ba, sauran duk asarar kuɗi ne.

Akwai kuma maganar nauyi, wadda ta fi ba ni tsoro. Mutane na ɗauka mota ce abu mafi nauyi da za a ɗora wa dekin. Ba haka ba ne. A ƙa'idar da injiniyoyi suka saba aiki da ita, dekin ƙananan motoci ana lissafa masa kimanin kilo 250 a kan kowace murabba'in mita, wato buhu biyar na shinkafa mai kilo 50. Yanzu ka tuna yadda ake jera buhuna a sito, ko dilolin atamfa da shadda, har su kusa taɓa rufi. Wurin da aka zana don mota, ranar da haya ta yi tsada aka yanka shi shaguna da bulo, aka mai da wani sashe sito, an ɗora masa ninkin abin da aka yi masa alkawari. A ƙara da tankin ruwa mai lita 5,000, wanda shi kaɗai tan 5 ne idan ya cika. A ƙara da hawa ɗaya da aka ɗora daga baya a kan ginshiƙan da aka yi don hawa biyu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an yi shi ne da kyakkyawar niyyar neman halal, kuma kowannensu ya tsaya a kan wancan imani cewa siminti ba ya gajiya. Motocin da aka kora daga ƙasan benen kuma su ne suka dawo bakin titi muke kuka da su.

Ba mu kaɗai wannan ciwo ya kama ba. A garin Elliot Lake na ƙasar Kanada, a watan Yunin 2012, rufin wani rukunin kantuna da ake ajiye motoci a kansa ya rufta ya kashe mata biyu. Bincike ya nuna ruwa ya shafe shekara 30 da ɗoriya yana ɗiga yana cin ƙarfe, ana tararsa da bokitai. A Afrilun 2023 wani tsohon benen ajiye motoci ya rufta a birnin New York na Amurka, mutum ɗaya ya rasu. A birnin yanzu doka ce injiniya ya duba kowane irin wannan gini duk shekara 6, ya rubuta rahoto, kuma abin da ya ce a gyara sai an gyara. Su gishirin da suke zubawa don narkar da ƙanƙara ne ke ƙara cinye musu ƙarfe. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da ruwan Agusta da ke sauka kamar da bakin ƙwarya, wanda a 2022 ya shiga shagunan Kwari ya jiƙa dukiya mai yawa. Ruwan da ya cika shago, ƙasan bene ya fara cikawa.

Abin da suka mayar doka, mu mun taɓa yin sa ba tare da doka ba. Ko kayan aikin ma ba su yi nisa da juna ba. Injiniyan da ya zo duba dekin, kafin ya fito da na'urar auna ƙarfin kankare ko ta gano rodi, da guduma yake farawa, yana ƙwanƙwasawa yana sauraron inda sauti ya yi fanko, kamar dai dattijon nan da sandansa. Benayen da aka zuba a shekarun 1970 da 1980 yanzu sun kai shekara 40 zuwa 50. Kafin a yi maganar gina sababbin benayen motoci, ina so in ji ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu filaza sun sa wa kansu wata guda, Afrilu ko Mayu, na kiran injiniya mai rajista ya shiga ƙasan bene da fitila da guduma, a liƙa takardar abin da ya gani inda masu haya za su karanta. Masu haya ma suna da bakin tambaya ranar biyan kuɗin shekara.

Na koma filazar nan bayan sallah. An shafe wurin, an yi masa farin fenti. Taku huɗu daga nan, kusa da ginshiƙi na gaba, sabon jan zane ya fara gangarowa, kuma bokitan sun zama uku. A sama ina jin ƙarar kekunan ɗinki da muryoyin yara masu koyon aiki.