Waiwaye: Hawa Karin Magabata, Daga Zaure Zuwa Wayar Salula

Duk sa'ad da wani matashi a Tawa ya saki waƙa a Facebook aka ji ta da ƙamshin waƙar wani babba, sai ka ji an ce satar fasaha ce. Masu wannan zargi sun manta cewa rubutacciyar waƙar Hausa da kwaikwayo ta fara tsayawa da ƙafafunta, kuma kwaikwayon nan yana da dokoki.

Tushen abin zaure ne. Almajiri kan fara haddace waƙoƙin Larabci na begen Manzo, musamman Ishiriniya da Burda, tun bai san sunan kari (awon waƙa) ko ɗaya ba. A daren Mauludi, malam na ja, yara na amsawa, wani na buga yatsa a gwiwa ba tare da ya sani ba. Gaɓa doguwa da gajera sun riga sun zauna a kunnensa. In ya girma ya karanta aruli, wato ilimin karin waƙa, sai ya tarar abin da yake rerawa shi ake kira basiɗi ko ɗawili. Ishiriniyar da ake karantawa ita kanta aikin mutum biyu ce: Alfazazi, wanda ya rasu a 1230, shi ya tsara ta, Ibn Mahibu ya yi mata tahamisi.

Tahamisin nan shi ne babbar makaranta. Ka ɗauki baitin malami mai ɗango (layi) biyu, ka gina naka ɗango uku a samansa, da kari ɗaya, amsa-amonka kuma ya bi na ɗangon farko na mai waƙa. Baiti ya koma ƙwar biyar. Ba wurin ɓuya, domin maganarka na jingine da tasa, in ta yi rauni kowa zai ji. Gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta kusa da Galmi, cikin jiharmu ta Tawa ta yau, sun yi wannan aiki sosai. Waƙar Tabbat Haƙiƙan da Fulatanci Shehu ya yi ta, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Hannu uku a waƙa ɗaya, kuma an san na kowa.

A ƙarni na 20 aron ya fita daga zaure. Aliyu Namangi na Zariya ya ɗora Imfiraji a kan karin kiɗan caji, ya zuba wa'azi a cikin muryar da jama'a suka saba rawa da ita. Mudi Sipikin kuwa ya mayar wa Sa'adu Zungur martani da waƙa a kan batun Arewa, jumhuriya ko mulukiya. Su makaɗan baka, irin su Ɗan Gurmu, tasu hanyar daban ce amma ba nisa: yaro kan daɗe cikin 'yan amshi kafin a ba shi baki.

A nan Nijar igiyar ta tsinke a lakwal, wato makarantar boko. Yaro ya haddace tatsuniyoyin Faransanci na La Fontaine don resitasiyo (karatun hadda) a gaban malamin aji, amma ba a taɓa nuna masa yadda ake auna baitin Hausa ba. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida sai a 1973 aka fara su a Damagaram, kuma ba su game ƙasa ba. Rubuce-rubucen ajami da yawa suna ajiye a cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, masu bincike ne suka fi leƙa su.

Shi ya sa matashin yau yake kwaikwayo da ido, a fuskar waya. Yana ganin ƙarshen layuka sun yi "na, na, na", sai ya ɗauka waƙa ke nan, ya kwashi kalmomi ya bar karin. A ganina nan ne aibin yake. Na da sun ari awo suka zuba nasu hatsi, suka kuma ambaci mai awon a farko ko ƙarshen waƙa. Masu karanta Ishiriniya da Imfiraji da murya suna nan a zaurukan Tawa da Madawa da Ƙonni, amma da wuya ka ga marubucin Facebook zaune a cikinsu bayan sallar isha'i.