Furen okid na daji da ƙwarin da yake dogara da su

Jama'a, manoma da masu shiga daji, don Allah ku ba ni aron kunne kan furannin okid, dangi ne babba mai kusan nau'i 28,000 a duniya. Yawancinsu iska ba ta ɗaukar musu garin fure, saboda nasu a dunƙule yake cur, sai ƙwaro ya kutsa cikin furen dunƙulen ya manne masa a ka ko a gadon baya, ya je ya sauke a wani furen, sannan a samu iri.

Abin da ke damuna shi ne wasunsu ƙwaro ɗaya tak suke da shi. A Madagaska akwai wani okid mai doguwar jela kusan santimita 30, ruwan zaƙinsa can a ƙasan jelar yake, Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, da ya gan shi a 1862 ya ce lallai akwai wani malam-buɗe-littafin dare mai dogon baki da ke shan sa, kuma a 1903 aka gano ƙwaron. To in wannan ƙwaron ya ƙare fa, wa zai yi wa furen barbara?

Wasu kuma wayo suke yi, kusan kashi ɗaya cikin uku ba su da ko ɗigon zaƙi. Wani okid da ake kira Ophrys na yankin tekun Bahar Rum ƙamshin macen wani ƙudan zuma na daji yake fitarwa har da kamanninta, namijin ya zo da zumuɗi ya hau, ya tashi da garin a jikinsa bai sani ba, ikon Allah kenan.

Shi ya sa nake roƙo, feshin maganin ƙwari a bar yin sa barkatai, kar a fesa da rana tsaka lokacin da ƙudan zuma ke kan fure ko a ranar da ake iska, kuma a bar ɗan gefen gona da ciyawarsa. Ƙona daji ma haka, sheƙar ƙwarin yake cinyewa tare da tsiron.

Sai masu tono okid ɗin su kai gida ko kasuwa, wallahi galibi asara ce. Irin okid ƙanana ne kamar ƙura, ba shi da abincin da zai tsiro da shi sai ya haɗu da wata fumfuna da ke wurin, kuma cinikinsa tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran daji. In ka gan shi ya yi fure ka ɗauki hoto da waya kawai, ka sanar da jami'in gandun daji inda yake.