Furotin ɗin da ba a san aikinsa ba: me ɗalibi zai yi da shi?

Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe a nan Sakkwato ta tare ni bayan lacca, an ba ta furojet a kan wani furotin da babu wanda ya san aikinsa, hankalinta a tashe. Ga abin da ta tambaya da abin da na ce mata.

Malam, da gaske akwai furotin da har yau ba a san me yake yi ba?

Akwai, kuma ba kaɗan ba. A 2016 Cibiyar J. Craig Venter ta Amurka ta haɗa wata bakteriya mai ƙwayoyin gado (sassan DNA da ke ba da umarnin haɗa furotin) 473 kacal, iyakar abin da take buƙata ta rayu, amma 149 daga ciki ba a san aikinsu ba. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Plasmodium falciparum, mai kawo zazzaɓin cizon sauro da ke cika mana asibitoci duk damina. Da aka karanta DNA ɗinsa a 2002, an samu ƙwayoyin gado wajen 5,300, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na furotin ɗinsa ba su yi kama da wani sananne ba. Wataƙila maganin da muke nema yana cikin waɗannan.

To, daga ina zan fara?

Daga kwamfutarki. Kowane furotin jeri ne na amino asid, iri 20 ne, kowanne da harafinsa. Ki kwafi jerin naki ki sa a BLAST, kyauta ne a intanet, zai nuna miki danginsa a wasu halittu. Sai ki duba siffarsa a rumbun AlphaFold, manhajar da ke hasashen siffar furotin; a 2022 rumbun ya haura siffofi miliyan 200. Aikin ne ya jawo wa Demis Hassabis da John Jumper kyautar Nobel a 2024. Sai dai kama da wane ba ta wane. Abin da kwamfuta ta ba ki hasashe ne, gwaji ne zai tabbatar.

Wane irin gwaji?

Ana dasa ƙwayar gadon a cikin bakteriyar E. coli ta sarrafa furotin ɗin da yawa, a fasa bakteriyar a tace shi, a zuba a jel a sa masa wutar lantarki don a ware furotin bisa nauyi. Bayan an rina, za ki ga wani siririn layi shuɗi daidai nauyin da kika lissafa. Ranar da kika fara ganin layin nan ba za ki manta da ita ba. Daga nan ki gwada ko yana narka wani sinadari ko yana manne wa wani furotin. Wata hanyar kuma a cire ƙwayar gadon, a ga me ya lalace a halittar.

Ki kula da zafi. A watan Afrilu garin nan yakan wuce digiri 40, yawancin furotin kuma ba sa jure zafi. Ki yi aiki a kan ƙanƙara, ki raba samfurinki gida uku a firiza daban-daban saboda ɗauke wuta.

In na gama ban gano aikinsa ba fa, Malam?

Ki rubuta abin da kika gwada da abin da bai yi ba, da ma'auni da kwanan wata. Ɗalibin baɗi zai ɗora daga inda kika tsaya. Na roƙe ki abu ɗaya: kada ki gyara lamba ko guda don ta dace da hasashen kwamfuta.