Sassaben zamani: yadda itatuwa suka dawo gonakin Maraɗi da Damagaram

Wai mene ne sassaben zamani?

A da, idan manomi zai share gona kafin faɗuwar damina, duk tohon da ya fito daga kututture sarewa yake yi ya cinna masa wuta, don gona fetal ita ce shaidar manomin ƙwarai. A sassaben zamani kuwa, durƙusawa za ka yi gaban kututturen kalgo ko sabara mai toho barkatai, ka zaɓi uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka datse sauran da wuƙa mai kaifi, ka rage musu ƙananan rassan ƙasa. Shi ke nan. Ba sayen iri, ba ban ruwa.

Me ya hana a dasa sababbi kawai?

Ai an gwada. Bayan farin 1973 an kashe kuɗi mai yawa wajen renon itatuwa ana rarrabawa, amma akasarinsu ba su kai labari ba: wanda rana ba ta ƙone ba, akuya ta cinye. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai aikin gona a yankin Maraɗi, Tony Rinaudo, ya tsaya rage iskar tayoyin motarsa don ya ratsa yashi, sai idonsa ya kai kan wani ɗan tsiro. Da ya duba ganyen da kyau, ashe itace ne da aka sare tuntuni, saiwarsa na nan da ranta. Daga nan ya fara yaɗa sassaben zamani. Saiwar da ta yi shekaru tana nutsawa neman ruwa ba za ka haɗa ta da dashen jiya ba, shi ya sa tohon ke girma da sauri haka.

Inuwar itace ba ta danne gero?

Wannan shi ne tsoron manoma tun farko, kuma suna da hujja, don akwai itatuwan da ke danne shuka. Amma dubi gawo. Shi kam baya-baya yake tafiya da sauran: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. Lokacin da gero ke son rana bai tare masa ba, ganyen da ya kakkaɓe ya zama taki, dabbobin da suka sha inuwarsa suna cin 'ya'yansa da rani sun bar kashi a gindinsa. Itatuwan kuma na karya iskar farkon damina mai binne shuka da yashi har a yi ta maimaita shuka. Mata ma sun sami itacen girki kusa da gida daga rassan da ake datsewa.

Girman abin ya kai yaya?

Hotunan tauraron ɗan'adam da binciken ƙasa sun nuna an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, itatuwa wajen miliyan 200. Ni abin da ya fi burge ni, yawanci maƙwabci ne ya gani wajen maƙwabci ya kwaikwaya.

To me ke kawo cikas?

Mallaka. Zamanin da itace ke hannun hukuma, malamin daji na iya cin tarar mutum kan reshen da ya sare a gonarsa, wa zai wahala da reno? Sai da aka sassauta wannan sannan mutane suka sake jiki. Saura ɓarayin itace masu zuwa da dare, da makiyayan da ke sassare rassa don dabbobinsu. Shi ya sa ƙauyuka da dama suka kafa kwamitin sa ido, da manoma da makiyaya da mata a ciki, su ke yanke tarar wanda aka kama.